Takardar da ta rusa darajar WeWork cikin mako bakwai

A farkon 2019 an ƙiyasta darajar kamfanin WeWork na Amurka a kan dala biliyan 47. Ranar 14 ga Agusta ya wallafa bayanan da doka ta wajabta kafin fara sayar wa jama'a hannun jari. Nan asiri ya tonu: asarar kusan dala biliyan 1.9 a 2018, ga kuma shugabansa, Adam Neumann, yana ba kamfanin hayar gine-ginen da yake da kaso a ciki. Masu zuba jari suka ja da baya, Neumann ya sauka, aka janye shirin a ƙarshen Satumba.

Ba takardar ce ta haifar da asarar ba. Hana ɗora ta a kan ƙananan masu saye ta yi.