Kwalin yaron yana lakwal, cikonsa yana rumfarki

Jama'a ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata masu tiya da faifai, yau da ku nake, kuma ba zancen farashi ba ne. Zancen yaran nan ne da muke ɓoyewa cikin gida: wanda ya kai shekara 7 bai yi magana ba, wanda ba ya ji, wanda ke ɗaukar karatu sannu-sannu. Kaɗan cikinsu sun samu shiga aji. A Yamai akwai lakwal ɗin Soly Abdourahamane ta makafi da Hassane Bana Ba ta kurame, Maraɗi da Damagaram ma suna da na kurame, ga kuma waɗanda ke zaune cikin aji ɗaya da sauran yara. Malaman nan suna bukatar abin da muke sharewa kowane marece a bakin rumfa.

Kwalin aiki ake ce mashi. Dabarar daga Amurka ta fito, cikin tsarin TEACCH na Eric Schopler, wanda jihar Karolina ta Arewa ta runguma a 1972 saboda yara masu larurar da likitoci ke kira otizim. Kowane kwali aiki guda ne ke ciki. Kaya a hagu, inda za a zuba su a dama: ka ce farin wake da ja a gauraye, ga gwangwani biyu. Yaro ba ya jiran dogon bayani. Ya ga abin da ake so, ya ga yawansa, in hagu ta ƙare ya san ya gama, shi kaɗai, ba wanda ya kama mashi hannu.

To me ya sa sai an riƙa sake kayan ciki? Gundura dai kowa ya san ta. Babban dalilin shi ne yaron da ya koyi ƙirga 10 da marfin kwalba kaɗai, sau da yawa in ka miƙa mashi goruba 10 sai ya tsaya yana kallonka. A wurinsa ƙirga ta marfin kwalba ce. Sai hannunsa ya bi ta kan abubuwa iri-iri sannan karatun ya zauna. Malaman Amurka da kabewar roba suke yi a Oktoba, da ƙanƙarar takarda a Disamba. Mu kasuwa ta hutar da mu saye.

Ana komawa lakwal a Oktoba, daidai kaka: ga gyaɗa da ɓawonta, ga gurjiya, ga wake, ga ayar Maraɗi manya da ƙanana da za a ware. Ɗari ya shigo, ga magarya da aduwa da goruba. Bazara ta zo, ƙwallon mangwaro ya cika titi, a wanke shi a shanya, ga albasar Galmi ƙananan da ba mai saye. Makaho ma da irin wannan lalube yatsunsa ke wayewa kafin ya kai ga rubutun Braille.

Na san wani alhaji zai ce wannan aikin gwamnati ne. Da gaskiyarsa: Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu a 2008, ta kuma yi doka a 2019. A ci gaba da tuna mata malamai da azuzuwa. Amma wane ofishi ne zai riƙa aika tafin wake zuwa kowane aji duk wata uku? Hajiya kuma za ta ce abinci ya yi tsada. Ba tiya ake roƙo ba, tafi biyu ya isa, rabin kayan ma ɓawo ne da ƙwallo da kwalin sabulu.

Ku duba kuma da idon ɗan kasuwa. Tsintar wake, kasa albasa uku-uku, ƙulla aya ta dala biyar, cika gwangwani daidai baki, ai aikin rumfa ne gaba ɗaya. Yaron da ya kai 15 ya iya waɗannan yana da wurin zama kusa da uwarsa. Wanda aka bari, bakin tasha muke ganinsa da ƙoƙo.

Sai dai a kiyaye. Kada ki kai kaya ba ki tambayi mushe ko madam ba, don akwai yaron da duk abin da ya kama baki yake kaiwa, ko hanci, ko kunne. Shi goruba da ƙwallon mangwaro suka dace da shi, ba wake ba. Gyaɗar da ta yi funfuna ba ta shiga aji, ɗan zurma kuwa guba ne. Kada kuma a sake komai rana ɗaya, irin yaran nan sauyi na tayar masu da hankali. Kwalin shi ne na jiya, gwangwanayen na jiya, hagu da dama kamar jiya, aya ce kawai ta maye gurbin wake, sai bayan sati a taɓa kwali na biyu.