Sabis ya ɗauke, bakinku ya kunnu

Sabis ya ɗauke na awa biyu kacal a Tsiga, kafin ya dawo an gama yaƙin duniya a teburin mai shayi. Wannan ya ce masu kutsen Rasha ne suka kai hari, wancan ya ce Amurka ce za ta rufe intanet ɗin duniya kwana goma. Sabis na dawowa kuma sai saƙon murya ya shiga yawo a WhatsApp, wani da ba a san sunan ubansa ba, wai yayansa babba ne a Abuja, yana rantse-rantse kowa ya kwashe kuɗinsa daga banki kafin Juma'a. Da ku nake, masu turawa. Ku ji tsoron Allah!

Ina hujjarku? Ranar 14 ga Maris 2024 intanet ya yi rauni a Najeriya da Gana da maƙwabtansu, taransifa ta yi ta maƙalewa, kuka ce hari ne. Ashe manyan wayoyi huɗu ne da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa, kuma kamfanin MainOne, mai ɗaya daga cikinsu, ya danganta abin da motsin ƙasa a gindin teku. Jiragen ruwa aka tura gyara. Ranar 4 ga Oktoban 2021 da WhatsApp da Facebook suka mutu kusan awa shida, ma'aikatansu ne suka yi kuskure wajen saiti. A nan gida kuwa abin bai kai can ba: katafilar masu aikin hanya ta tsinke waya, ko gas ya ƙare a injin turken sabis, ko ɓarawo ya yi gaba da batir. Amma wannan labari ba ya daɗin ji, shi ya sa ba ku tura shi.

Abin takaicin, mutanen ƙaramar hukumar Bakori, inda Tsiga take, ba baƙin rashin sabis ba ne. A Satumban 2021, zamanin Gwamna Masari, an rufe layuka a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi. Watanni aka yi mutum na biyan kuɗin mota zuwa ƙasar Kaduna ko Kano don kawai ya ji muryar ɗansa. Hukuma ce ta yi, ta kuma fito ta ce ita ta yi. Wanda ya sha wannan wuya bai kamata a riƙa wasa da hankalinsa ba.

Kun san abin da shaci-faɗinku ke jawowa kuwa? Manomi ya kai masara kasuwar Bakori, ya ji an ce bankuna za su ruguje, ya ƙi taransifa, dillali mai tsabar kuɗi a aljihu ya karya masa farashi. Jama'a su yi dafifi gaban mai POS, shi kuma ya ƙara caji. Dattijo ya kwaso kuɗin takinsa ya kwana da su a ɗaki, a yankin da kowa ya san abin da dare ke kawowa. Ranar da saƙon gaskiya zai zo cewa an ga babura a bayan gari, wa zai yarda, bayan kun gama gajiyar da kunnuwan mutane?

Kutse akwai shi, ban ce babu ba. Sai dai wanda ke cinye kuɗin mutumin Tsiga ba daga Mosko yake zuwa ba. Kiran waya ne, murya mai ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka saboda harin da aka kai, karanto mini lambar da aka turo maka yanzu." Ji-ta-ji-tar da kuka yaɗa jiya ita ta share wa ɗan damfarar nan hanya. Kuma sau da yawa mai karanto lambar da bakinsa shi ne wanda ya fi kowa zaƙewa wajen tura saƙon.