Kafin Ka Ɗauki Kyanwa, Wa Zai Zama Malaminka?

  

Kiwon kyanwa, wadda mu a nan Zamfara muke kira mussa, ya zama yayi a tsakanin matasan Gusau, har wasu na zuba kuɗi su sayo mai dogon gashin nan 'yar asalin Farisa. Ni ban ga aibun wannan sha'awa ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne inda ake ɗaukar karatun kiwon. Ɗalibaina na Islamiyya kan tambaye ni wane littafi ko wane bidiyo za su bi, na kuma lura malamai biyu ne suka mamaye fagen, dukansu kuwa ba abin bi ba ne.

Na farko shi ne camfi. Shi ke cewa baƙar kyanwa mayya ce, a jefe ta. Idan ta sa baki a ruwa, a zubar. Subhanallahi! Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa har ta sha, sannan ya faɗi hukuncin Manzon Allah (SAW) cewa ita ba najasa ba ce. Babban sahabin nan Abu Huraira ma saboda 'yar kyanwarsa ya samu wannan alkunya.

Na biyu shi ne ɗan talla. Za ka gan shi a YouTube ko TikTok yana magana daga Ingila ko Amurka, darasinsa duka saye ne: abincin gwangwani, da gado, da kayan wasa. Ɗan makarantar da ya bi shi wata guda zai yi aljihunsa ya ƙone, daga nan sai a kulle baiwar Allah a ɗaki da ɗumamen tuwo. Alhali Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ashe ke nan wannan magana ta lahira ce tun kafin ta zama ta ado.

Don haka, ya ɗan'uwa mai karatu, duk jagoran da ya zo hannunka, ka auna shi da tambayoyi huɗu.

Ta ɗaya, ya yi maganar ciwon haukan kare? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutane kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya. Mafi yawa daga kare ne, amma kyanwa ma tana ɗauka. Ana yi mata allurar rigakafi tun tana wata 3. Idan ta ciji yaro ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti nan take.

Ta biyu, ya ambaci gubar da ke cikin gidajenmu? Ƙwayar farasitamol guda tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Albasa da tafarnuwa da ke cikin miyarmu suna lalata mata jini. Manoman Tsafe da Bungudu da ke ajiye ta don tsaron rumbun gero da dawa sun yi dabara, domin ita hukumar lafiyar ta lissafa ajiye kyanwa cikin hanyoyin rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa. To amma wanda ya haɗa kyanwa da maganin ɓera a gida ɗaya, ya sani za ta ci ɓeran da ya ci guba, ta bi shi.

Ta uku, ya gina abincinta a kan abin da ke kasuwarmu? Allah Ya halicce ta maciyiyar nama. Idan ta daɗe a kan tuwo zalla, idonta da zuciyarta za su lalace. Dafaffen kifi marar ƙaya, da kayan cikin kaji, da dafaffen ƙwai, da ruwa mai tsabta kullum, su ne tushe. Madarar shanu kuwa gudawa take sa yawancinsu.

Ta huɗu, ya san gidan Musulmi ne? A mazhabarmu ta Malikiyya yawunta mai tsarki ne, amma fitsarinta da kashinta najasa ne. Sai a tanadar mata kwano da yashi nesa da wurin salla, a kwashe kullum. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, saboda wata ƙwayar cuta da ke iya cutar da ɗan tayi. Sannan cikin kyanwa kwana 63 ne ko kusa da haka, tana kuma iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda bai shirya wa 'ya'yan ba, shi ne gobe zai ɗure su a buhu ya kai bola. Wa'iyazu billahi.

Littafin da ya faɗi waɗannan tambayoyi, ajiye shi ko da da ruwan zinare aka rubuta shi. Hukuncin tsarki da amana, je ka wurin malamin fiƙihu. Allura da ciwo, je ka wurin likitan dabbobi, ba mai kemis ba. Wanda kuma ya san ba zai iya ba, to ya bar ta a sake, wannan ya fi masa sauƙin hisabi.

Allah Ya sa mu ji ƙan na ƙasa, domin Ya ji ƙanmu. Wallahu a'alam.