Wa ke da albasar Galmi?

A shekarar 2006 kamfanin iri na Tropicasem, mai zama a Senegal, ya shigar da takarda gaban OAPI, hukumar kare mallakar fasaha da ke Yawunde, yana neman a ba shi haƙƙi a kan albasar da duniya ta sani da Violet de Galmi. Albasar nan manoman jihar Tawa ne suka yi ta zaɓen irinta, kaka da kakanni, har ta yi suna daga Abijan zuwa Akara. Da manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, sai kamfanin ya sauya wa tasa suna, ta koma Violet de Damani.

Ba a kan albasa aka fara ba. A 1995 masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a Amurka suka ware ƙwayar gado mai suna Xa21 daga wata shinkafar daji ta ƙasar Mali, wadda ke jure wa cutar ƙunar ganye. Jami'ar ta yi rajistar mallaka, domin duk kamfanin da zai yi aiki da ita ya biya ladan izini. An kafa asusu a 1996 don ƙasashen da irin ya fito su amfana, amma kuɗin da aka sa rai ba su shigo ba.

Masu kare wannan tsari suna cewa bincike na cin kuɗi, dole mai bincike ya mai da uwar kuɗinsa. Babu mai musun haka. To, aikin matar da ta shekara talatin tana ware zangarniyar geron da ta fi jure fari, shi ba bincike ba ne? Doka tana ganin abin da aka rubuta a ɗakin gwaji, ta rufe ido ga abin da ke cikin rumbu. Kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta ce a nemi izinin masu abu, a kuma raba riba da su. Amma wanda ba shi da shaida, da me zai je gaban alƙali?

Nan aikinmu yake, mu malamai da ƙungiyoyin al'adu. Manomin Gidigir ya san geronsa da wakensa, kowane da sunansa da halinsa. Mu tura ɗalibai wurin tsofaffi, su rubuta sunan kowane iri da Hausa da Barbarci, da garinsa, da shekara, a ajiye a makaranta da ma'aikatar magajin gari. Ranar da wani ya zo da takardarsa, ya tarar da tamu ta riga ta.