Ra'ayinmu: Ƙirƙirarriyar Basira da Makomar Aikin Sakatare

A ajin kasuwanci na wannan makaranta akwai ɗalibai maza da mata da burinsu shi ne su zama sakatarori ko mataimaka na musamman ga manyan shugabanni, a banki ko a ma'aikata ko a kamfani. Kwanan nan ana yawan karya musu gwiwa. Sai ka ji ana cewa wannan aiki ya mutu, wai kwamfuta ta ƙwace shi. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu yarda aikin ya mutu ba. Amma ba za mu ɓoye wa 'yan uwanmu cewa akwai abin tsoro a ciki ba.

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022, abubuwa da yawa da sakatare ke ɓata yini a kansu sun koma aikin mintoci. Manhaja tana rubuta wasiƙa, tana taƙaita rahoto mai shafi talatin, tana sauraron taro ta fitar da abin da aka tattauna da wanda aka ɗora wa kowane aiki. Microsoft ta saka Copilot cikin Word da Outlook, Google kuma ta saka Gemini cikin Gmail. Wanda abin da ya iya kawai shi ne buga rubutu da sauri da tsara wasiƙa, gaskiya kujerarsa tana girgiza.

Sai dai ba yau aka fara ba. Lokacin da kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta a Amurka a 1874, akawun da ke cin abinci da kyawun rubutun hannu ya ga ta kansa. Daga baya kwamfuta ta zo ta kori tafiretar ita ma. A nan Najeriya, kwas ɗin da ake kira karatun sakatare a kwalejojin kimiyya da fasaha an sauya masa suna da manhajar karatu, ya koma fasahar ofis da gudanarwa, wanda aka fi sani da OTM. Kayan aiki suka canza, ofisoshi ba su daina neman mutumin da zai riƙe su ba. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

To me ya rage wa mutum? Abin da ya rage shi ne ainihin aikin tun farko. Mataimakin shugaba na gari ya san wanda za a shigar wurin oga nan take, da wanda za a ba kujera da ruwa a ce ya ɗan jira. Ya san cewa wasiƙar da za ta je fadar sarki ba irin wadda za ta je wurin ɗan kwangila ba ce, kuma akwai saƙon da ba a turawa ta waya sam, sai an taka an je an gaisa. Ya san ba a sa taro ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a, ya san yadda jadawali ke juyawa idan azumi ya kama. Idan an yi rasuwa a gidan wani ma'aikaci, shi zai tuna wa oga ya je ta'aziyya kafin kwana uku. Idan ran oga a ɓace yake, ya san takardar da zai ɓoye sai gobe. Manhaja tana iya cika jadawali, amma ba ta san mutanen da ke cikinsa ba, ba ta san wanda ke gaba da wane ba.

Abu na biyu shi ne, manhajar tana yin ƙarya, kuma da kyakkyawan lafazi take yi. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙiro, waɗanda ba su taɓa faruwa ba. Lauyoyi ke nan, masu digiri. Ashe ofis na buƙatar wanda zai karanta abin da na'ura ta rubuta, ya gane inda ta zame, kafin oga ya sa hannu. Wanda bai iya Turanci da kyau ba ba zai gane kuskuren Turanci ba. Haka ma Hausa: Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma duk wanda ya gwada ya san har yanzu takan fito da jimlar da ba Bahaushen da zai faɗe ta. Masu ganin cewa tunda akwai manhaja an huta da darasin nahawu, sun fahimci abin a juye.

Sai batun amana, wanda a ganinmu ya fi komai nauyi. Sakatare yana ganin albashin mutane, takardun asibiti, sirrin kwangila. Idan ya kwafe su ya zuba a manhajar da ke intanet don ta taƙaita masa, ya fitar da su daga ofis ke nan, ko da bai tashi daga kujerarsa ba. A 2023 kamfanin Samsung ya hana ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a na'urorin kamfani, bayan wasu sun zuba bayanan sirri a ciki. A shekarar ce kuma Najeriya ta kafa dokar kare bayanan jama'a. Sakataren da ya san abin da ake sakawa da wanda ba a sakawa, ya fi wanda ya fi shi saurin yatsa daraja.

Ga malamanmu muna da roƙo, cikin ladabi. Mun san jarrabawar WAEC da NECO tana da tsarinta, kuma dole a bi. Amma a lokacin da ake ba mu a ɗakin kwamfuta, muna so a riƙa ba mu aiki irin na ofis na gaske. A sa manhaja ta rubuta wasiƙar gayyata zuwa taron iyaye da malamai, a raba mana, kowa ya nemo kurakuranta ya gyara, a ba da maki a kan gyaran. A koya mana Excel sosai, ba buɗewa da rufewa kawai ba. Idan babu wuta ko babu data, malami ɗaya da waya ɗaya ya isa: a buga abin da manhajar ta rubuta a takarda, a kawo aji.

Ɗaliban kasuwanci kuma, ƙungiyarmu tana neman wanda zai riƙa rubuta bayanan taronmu na mako-mako da tsara jadawalin fitar da wannan mujalla. Mai sha'awa ya ga sakataren ƙungiya bayan an tashi.