Filin Noma da Kiwo: Awon Akuya Ba Tare da Sikeli Ba

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai a wajen ba akuya magani, kimar ido takan jawo hasara.

A ƙasar Ɗambatta gonaki sun haɗe da juna, saboda haka da damina awaki a turke suke kwana, a turke suke wuni. A lokacin nan ne tsutsar ciki takan yi musu yawa. Shi kuwa maganin tsutsa, bisa ga nauyin dabba ake ba da shi. In ya gaza, tsutsotsin da suka tsira sukan haifi waɗanda maganin ba ya kashewa. In ya yi yawa, wani irin yakan sa akuya rawar jiki da dalalar miyau, har ta mutu. Ga shi ba kowane gida ke da sikeli ba. To, ga dabara, da tef irin na tela.

Da safe, kafin a ba ta harawa ko ruwa, a tsai da akuyar a wuri mai baje, wani ya riƙe mata kai.

Na ɗaya, a zagaya ƙirjinta da tef, daidai bayan ƙafafun gaba. Kada a matse, kada kuma a sake. A rubuta santimita nawa ne.

Na biyu, a auna tsawonta daga gaban kafaɗa zuwa ƙashin da ya turo a gefen wutsiya.

Na uku, sai lissafi. A riɓa awon ƙirji da kansa, a riɓa abin da ya fito da awon tsawo, sa'an nan a raba da 10,800. Amsar ita ce nauyinta a kilo.

Ga misali, jar akuya irin ta Sakkwato, ƙirjinta 65, tsawonta 60. To, 65 sau 65 ya ba da 4,225. Wannan sau 60 ya ba da 253,500. In an raba da 10,800, an sami kilo 23 da rabi. Yaro ɗan makaranta zai iya yi wa uwarsa wannan aiki.

A tuna, ƙiyasi ne, yakan saɓa kaɗan, musamman ga ƙananan 'yan awaki da akuya mai tsohon ciki. A kai lissafin wurin malamin dabbobi, shi zai faɗi yawan maganin, gama abin da aka rubuta domin tunkiya sau da yawa ba ya isar akuya.

Uwargida, sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awon kowace akuya wata wata. Wadda ƙirjinta ke raguwa alhali tana cin abinci, a duba lafiyarta tun da wuri. Bunsurun da kike kiwatawa domin Kirsimati kuwa, in kin san nauyinsa kafin a kai shi kasuwar Ɗambatta, dillali ba zai taya shi da araha ki sallama ba.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.