A Ba Cikin Tsaga Nasa Makin a Ayyukan Ɗalibai

Duk malamin da ya taɓa alƙalancin baje kolin kimiyya na makarantun sakandare ya san yadda abin yake. Ɗalibai za su jera ƙananan samfuran da suka haɗa: jirgin sama na roba, gidan kwali, injin ban ruwa, ƙaramar madatsar ruwa. Alƙalai sukan duba ko fanka ta juya, ko ƙwai ya kama wuta, su ba da maki su wuce. Da wuya a ga wanda ya sunkuya ya dubi mahaɗar da ɓangarori biyu suka gamu. Ra'ayina shi ne wannan kuskure ne, domin a cikin 'yar tsagar nan akwai darasin kimiyyar sinadarai da na kimiyyar lissafin abubuwa wanda ya fi na fankar da ke juyawa.

Bari mu fara da inda tsagar take fitowa. Kamfanonin da ke yin samfuran haɗawa, irin su Airfix na Ingila da Tamiya na Japan, suna narka wata roba mai suna folistirin, su tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe mai ɓari biyu. Idan robar ta huce sai ta ɗan tsuke, kuma ba ko'ina take tsukewa daidai ba. Saboda haka in aka haɗa ɓarin jikin jirgi na dama da na hagu, sai a tarar da siririn layi ko rata a tsakani. Mai karatu ya ɗauki bokitin roba ko butar alwala ya duba, zai ga irin wannan layi inda mazubin ya haɗu. Kada kuma a raina ƙanƙantar ratar. Yawancin ƙananan jiragen ana yin su a kan ma'aunin 1 bisa 72, wato ratar milimita 1 a jikin samfuri daidai take da ta santimita 7 da ɗoriya a jikin jirgin gaske, wadda hannun mutum zai shiga.

Abin da ake cike ratar da shi kwaɓi ne mai kauri, dangin filar da masu gyaran jikin mota ke shafawa kafin fenti. A nan ne ilimin yake, domin kwaɓin iri biyu ne, kuma halinsu ya sha bamban.

Iri na farko gari ne da aka dama da wani ruwa mai saurin tashi. Yana bushewa ne idan ruwan ya bi iska, kuma tun da wani abu ya fita daga cikinsa, dole ya motse. Ɗalibi zai cike tsaga da yamma har ta shafe, gari na wayewa ya tarar da kwari a wurin. Magininmu na gargajiya ya san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi: yaɓe mai kauri tsagewa yake yi, shi ya sa ake yin sa kaɗan-kaɗan, ana kuma zuba ciyawa a cikin ƙasar. Haka ma mai samfuri: shafi siriri, a bari ya bushe, a goge da sanfefa, a sake. Wanda ya lafta da yawa a lokaci ɗaya yana iya ɓata aikin ɗungum, domin ruwan da ke cikin kwaɓin yana narka folistirin, sai robar ta yi laushi ta lotsa. Wannan halin ne masu liƙin rufin kwano suke mora idan suka jefa farin soson da ake kare rediyo da shi cikin fetur ya zama danƙo. Soson ma folistirin ne. Ban ce a yi haka a cikin aji ba: tururin yana cutarwa, kuma ƙyastu ɗaya ya isa gobara.

Iri na biyu shi ne mai ɓangare biyu, kamar gam ɗin Araldite da ake samu a kasuwanninmu, ko Milliput da masu samfura ke so. Shi ba bushewa yake yi ba. Idan an cakuɗa ɓangarorin biyu, ƙwayoyin sinadaransu suna sarƙewa da juna su zama abu ɗaya mai tauri. Ba abin da ya tashi, don haka motsewarsa kaɗan ce ƙwarai, kuma shi ya dace da rata mai faɗi. Malamin da ya sa ɗalibansa suka cike ramuka biyu masu zurfi ɗaya da waɗannan kwaɓi biyu, suka auna bayan kwana biyu, ya nuna masu bambancin sauyin kama da sauyin sinadari fiye da yadda allo zai nuna.

Za a ce mani ina ɗalibin Damaga zai ga samfurin Tamiya, bare kuɗin sayensa? Gaskiya ne, amma ba samfurin ne darasin ba. Kafinta yana cakuɗa garin katako da farin gam ya toshe ramin ƙusa. Mai gyaran babur yana barbaɗa garin soda a kan Super Glue ya daskare nan take, har wurin ya ɗauki zafi, wanda shaida ce cewa sinadarai sun yi aiki. Tsohuwar robar rediyo, da gorar ruwa, da jarka sun isa kayan gwaji. Ɗalibi zai ma gano da kansa cewa gam ba ya kama jarka da kyau, domin robarta folitilin ce mai santsi kamar kakin zuma, kuma abin da ya sa masu liƙin roba ke amfani da ƙarfe mai zafi ke nan.

Dalilina mafi girma kuwa yana kusa da gida. Madatsar Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka kammala a 1978, ita ke shayar da gonakin Talata Mafara da Bakura da Maradun ta magudanan da aka shimfiɗa. Aikin gyaran tsarin ban ruwan ya shiga cikin shirin TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014. Duk inda kankare ya ɗauki ruwa, a mahaɗa ake fara samun yoyo. Kankare yana miƙewa da kimanin kashi 10 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya na zafi. Falle mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya sauya da digiri 20 tsakanin asubahin hunturu da tsakar rana, zai motsa da milimita 2. In babu inda zai motsa, fashewa zai yi. Shi ya sa injiniyoyi ke barin rata da gangan tsakanin falle da falle, su cike ta da kwalta ko roba mai miƙewa. Wanda ya zo da kyakkyawar niyya ya ɗure wannan rata da siminti ya jawo sabuwar tsaga a gefenta. Folistirin ma yana miƙewa, har ninkin kankare wajen bakwai, kuma abin da ya sa ke nan fila mai tauri takan balle daga samfurin da aka bari a rana.

Ashe kafin ɗalibi ya ɗauki kwaɓi akwai tambayar da zai amsa: wannan tsaga aibi ce, ko kuwa an bar ta ne don abu ya numfasa? Yaron da ya saba yi wa ƙaramar madatsarsa ta kwali da roba wannan tambaya, shi ne gobe zai shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da idon da ya riga ya buɗe.

Shawarata ga malamai ita ce a ware wa mahaɗa nata makin a takardar alƙalanci. A hana fenti har sai an duba aikin tsirara, domin fenti ba ya rufe tsaga, ƙara fito da ita yake yi. A ja farce a kan layin: in ya maƙale, da sauran aiki. A tambayi ɗalibi me ya cike da shi, sau nawa ya shafa, kuma me ya sa ya zaɓi wannan ya bar wancan. Samfurin madatsa ko tanki kuwa, a zuba masa ruwa, a shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashinsa, a dawo bayan sa'a ɗaya a duba.